Ɗanyen kifi a Gwarimpa: yadda muka je cin sushi ni da Gwaggo da auta

Ni dai sana'ata girki ce, abincin biki da na suna da na taron ofis nake yi a nan Abuja, kuma duk wanda yake wannan harkar ya san babu abinda yake tsinka mana zuciya irin kifi. Nama yana iya yi maka kara na ɗan lokaci, kifi kam baya yi, a ɗauke wuta ka ɗan yi sakaci da firiza shikenan ka tafka asara, in kuma ka rufe ido ka dafa wa mutane a haka toh ka kwashi alhaki. Shi yasa da aka buɗe wani sabon wuri a bayan layinmu a Gwarimpa, ta gaba wajen shan kofi ta ciki kuma wajen cin sushi, abincin nan na Jafan da ake yi da shinkafa da ɗanyen kifi, tambayar da ta fara zuwa raina ita ce ina suke samo kifin kuma a cikin me yake kwana. Abuja ba teku, daga nan zuwa Legas a mota ya haura kilomita 700, ga halin da wutarmu take ciki, sannan ace mutum zai yanko kifi ɗanye ya ɗora maka a faranti ka ci ka biya.

Autarmu ce ta matsa. Ita tun tana sakandare take bibiyar girke-girken mutanen Jafan a waya har sunayen ta haddace, duk sanda muka wuce ta gaban wurin sai tace Yaya dan Allah mu shiga mana. Sai kuma aka yi dace Gwaggonmu ta zo daga Zariya ganin likitan ido ta sauka a wajena, dama ina neman inda zan fita da ita ta ɗan sha iska tunda daga asibiti sai gida, nace toh ga dama ta samu.

Kafin mu je sai da na tura musu saƙo ta WhatsApp a lambar da ke jikin allonsu, na tambaya ko suna sayar da giya, ko akwai naman alade a kicin ɗin, kuma ko sai an kama tebur tun kafin a zo. Ba a jima ba suka amsa, babu giya babu alade, tebur kuma a ranakun aiki ba sai an kama ba, amma in muna son zama a gaban mai yanka kifin toh kujerun wajen kaɗan ne gara a riƙe mana. Nace a riƙe mana uku. Duk wanda zai je irin wannan wurin karon farko ni dai shawarata kenan, ka zauna inda idonka zai dinga ganin hannun mai haɗa abincin, wuƙarsa da katakonsa da tsumman da yake goge hannu duk suna gabanka, a nan za ka san ko zuciyarka ta yarda ko bata yarda ba.

Da na gaya wa Gwaggo abinda za mu je ci sai da tayi shiru tukunna sannan tace "ɗanye fa kika ce?" Auta ta fara rantse-rantse wai ai halal ne, Gwaggo ta katse ta, ita da ta shekara da shekaru tana koyarwa a Islamiyya. Tace "ke auta ba sai kin koya min ba. Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa, yana nan a cikin Ma'ida aya ta 96, kuma mu a Malikiyya abinda yake rayuwa a ruwa ba a taƙaita mana shi a kifi kaɗai ba, jatan lande ne ko ƙaguwa duk ana ci, ko yanka basa buƙata. Halacci daban, ƙyanƙyami daban. Zan raka ku, in naga dafaffe in ci."

Bayan la'asar muka fita, a ƙafa ma muka taka tunda ba nisa. Ɓangaren kofin muka fara zama don sai da yamma sosai suke buɗe wajen sushin. Wuri ne madaidaici, tebura 'yan kaɗan, wasu samari biyu da kwamfutocinsu sun toshe kunne suna aiki, ƙamshin kofi ya cika ko'ina. Yarinyar da ke kan injin na tsaya ina kallo don ni ba na iya ganin ana haɗa abu ban sa ido ba, sai da ta auna 'ya'yan kofin a ɗan ƙaramin sikeli, ta niƙa a take, ta danne garin a mazubinsa, ta ɗaura a injin, cikin kamar daƙiƙa 30 ya gama tsiyaya baƙi ƙirin da kumfa ja-ja a samansa. Na tambaye ta na ina ne tace na Habasha, can ne ma asalin wannan nau'in kofin. Nace ai mu ma muna da shi a tsaunin Mambila a Taraba, ana noman kofi da ganyen shayi a can, tace mai wurin yana neman wanda zai dinga kawo musu a gyare. Wallahi da za su yi hakan da na fi kowa murna, don abin yana min ciwo ace muna da abu a gida sai dai mu sha na wasu.

Ni kafucino na sha kuma yayi, madarar tayi laushi bata ƙone ba. Gwaggo shayi tace a kawo mata mai citta da kanumfari, suka ce basu da shi a jerin abubuwansu amma za a dafa mata, aka kuwa dafa, wannan ya burge ni. Auta kuma matcha ta karɓa, wani koren garin ganyen shayi ne na Jafan da ake kaɗawa da ɗan maburgin gora har yayi kumfa, tace kafin a tsinke ganyen sai an rufe gonar an hana ta rana na wasu makonni shi yasa korensa yake fitowa shar haka, kuma wanda aka fi ji da shi daga Uji yake kusa da Kiyoto. Na kurɓa, akwai bauri da ɗan ƙamshin ɗanyen ganye, ni dai bai kama ni ba amma ita har lumshe ido take.

Inda raina ya sosu shi ne da aka kira magariba. Na tambayi weta ina mata suke sallah, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, babu. Maza dai ga masallaci nan a bakin layi, mu kuwa sai da manajan ya buɗe mana wani lungu a ofishinsa tsakanin katan-katan na madara, Allah ya sa Gwaggo bata rabo da sallaya a jaka muka yi bi da bi. Ya ba mu haƙuri sosai ban ce bai bayar ba, amma haba, ka buɗe wajen cin abincin dare a unguwa irin Gwarimpa, lokacin da mutane za su fara shigowa shi ne lokacin magariba, ace baka ware ko taku huɗu da labule ba? Na gaya masa a fuskarsa cikin mutunci, yace in sha Allah za a gyara. Haka kuma takardar jerin abincin, babu ta a hannu, sai dai ka haska wani tambari da waya ta buɗe maka a ciki, rubutu ƙanana, sunaye duk na Jafananci da Turanci babu hoto ko ɗaya. Matar da ta zo ganin likitan ido ina za ta iya da wannan. Irin waɗannan ƙananan abubuwan ne suke sa mutanenmu su leƙa su juya suna ganin ba don su aka buɗe ba, alhali kuɗinsu ake nema.

Da muka idar aka kai mu kujerunmu a gaban kanta, aka miƙo mana ɗan tawul mai ɗumi kowa ya goge hannu. Mai haɗa sushin saurayi ne ɗan Binuwai amma tashin Jos, Hausa a bakinsa tas, yana jin muna magana yace "sannunku da zuwa Hajiya, Mama sannu da ƙoƙari." Nan take Gwaggo ta saki jiki. Yace a Legas ya koyi aikin a hannun wani ɗan Filifin, kuma ya daɗe ba a bar shi ya taɓa wuƙa ba, wankin shinkafa da dafa ta kawai.

Ban ɓata lokaci ba nace masa ƙanina ni ma abinci nake sayarwa, kar ka ji haushi, ina so in san tafiyar kifin nan tun daga ruwa har gabana. Ko a jikinsa, yace ai ya fi son mai tambaya. Kifin da suke kira salmon daga ƙasar Norwe yake zuwa, a sauke a Legas, a sako musu shi a jirgi a daskare cikin kula, ya ɗauko min murfin kwalin na gani da idona da tambarin kamfanin da kwanan wata. Ya nuna min firizar, daban take da ta sauran kayan kicin, akwai agogon auna sanyi a jikinta da takarda manne a ƙofar inda suke rubuta abinda agogon ya nuna safe da yamma, kuma tana kan sola ne bayan janareta saboda ko ƙiftawar wuta kar ta ji. Abinda zai yi amfani da shi a daren kawai yake saukowa da shi firji ya narke a hankali, wanda ya narke kuma baya komawa.

Dalilin wannan wahalar shi ne akwai wata tsutsa da ake samu a kifin teku ana ce mata anisakis, in ta shiga cikin mutum da rai ciwon ciki ne mai tsanani da amai. Wuta tana kashe ta, sanyi mai ƙarfi ma yana kashe ta, shi yasa hukumar abinci ta Amurka ta ce kifin da za a ci ɗanye a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifili na awa 15. Firizar gidajenmu in ta yi ƙoƙari ta kai 18 ƙasa da sifili, ita ma sai in ba a ɗauke wuta ba kuma yara basu wuni suna buɗe ta suna ɗaukar ƙanƙara ba. Sannan sanyin tsutsa yake kashewa, ƙwayoyin cuta kam kwanciya kawai suke yi su jira ɗumi, toh daga nan sai tsafta da saurin hannu. Na lura duk yanka ɗaya sai ya goge wuƙar, kifin kuma baya barinsa a kan katako, ya yanka ya mayar cikin gilashin sanyi.

Nace toh in na je kasuwar kifi ta Kado na sayo tarwada mai rai tana motsi fa, ai babu wanda ya kai ta sabunta. Sai da ya ajiye wuƙar yace "Hajiya dan Allah kar ki soma, kuma kar ki bari wani ya soma." Kifin rafi da na tafki da na kududdufin kiwo, tarwada ce ko karfasa ko giwan ruwa, suna ɗauke da nasu tsutsotsin da suke iya zama a jikin ɗan Adam, sabuntarsu bata hana komai, waɗannan sai wuta. Na kawo wannan ne saboda na san halinmu, yanzu wata za ta gani a bidiyo ta ce bari ta gwada wa maigida. Kuma mai juna biyu da ƙananan yara da wanda jikinsa ba ƙarfi su tsaya a dafaffen, shi da kansa yace in ya ga mace da ciki baya ba ta ɗanye ko ta nema.

Sai maganar da ta fi damun Gwaggo, wadda kuma yawancinmu bamu san da ita ba. A girkin Jafan akwai wani ruwa mai zaƙi da suke kira mirin, daga shinkafa ake yinsa, kuma na ainihin yana da giya kusan kashi 14 cikin ɗari. Suna zuba shi a miyar da ake shafa wa gasasshen kifi, da wainar ƙwan da ake ɗorawa a sushi, wasu har cikin ruwan da ake kwaɓa shinkafar. Kenan wuri zai iya ce maka baya sayar da giya kuma gaskiya ya faɗa, amma tana cikin tukunya. Auta ce ta tuna min na tambaya, ya ce su basa sa shi, sukari da khal suke haɗawa a madadinsa, ya jawo kwalaben ya jera mana a kan kanta har da ta baƙin ruwan waken suya da ake dangwalawa, Gwaggo ta sa auta ta karanto mata abinda ke jikin kowacce, ta ga tambarin halal sannan tace toh Alhamdulillah, bismillah. In kun je wani wurin ku tambayi mirin da sunansa, kar ku tsaya a "akwai giya?" kawai.

Miya aka fara kawowa a 'yar ƙaramar kwano ba cokali, ɗauka ake a kurɓa. Miso sunanta, romon busasshen kifi da ganyen teku ne aka dama da wani kwaɓin waken suya da aka bari ya yi tsami, ga wasu farare-farare 'yan ƙanana suna yawo a ciki. Gwaggo ta tsamo ɗaya ta tauna tace "yo wannan ai awara ce." Kuma ita ce ɗin, awara ce da ba a soya ba. Aka kawo ɗanyen waken suya a cikin kwansonsa an turara an barbaɗa gishiri, kana matsawa da haƙori 'ya'yan suna fitowa, shi kam kafin a ce me mun tashi da shi. Mai haɗawar yana dariya yace a jiharsu Binuwai waken suya kamar a bankaɗe ƙasa, bai taɓa ganin an ci shi a haka ba sai da ya shiga wannan aikin.

Shinkafar ita ce ta tsaya min a rai, kuma shi ma yace ita ce sushin, kifi baƙo ne a kanta. Gajeriya ce mai ƙiba, danƙonta irin na shinkafar tuwo ne sai dai ita ba a tuƙa ta, kowace ƙwaya tana nan da ranta amma sun riƙe juna. Yace sai an wanke ta an sake wankewa har ruwan ya fito garau, a jiƙa, a dafa da ruwa daidai gwargwado, tana sauka da zafinta a juye a wani faffaɗan akushin katako a zuba khal da sukari da gishiri, a dinga yanka ta da ludayin katako a gicciye ana fifita, ba a juya ta don kar ta caɓe. Kuma ba a sa ta a firji, da ɗuminta ake so, daidai ɗumin jikin mutum. A gabana ya tsoma yatsunsa a ruwan khal, ya ɗebo 'yar loma, ya juya ta a tafin hannu ya danna da yatsu biyu, ya shafa ɗigon wasabi, wani koren kwaɓi mai yaji, a cikin yankan kifin ya kifa a kai, duk abin bai fi ƙiftawa da bismillah ba. Na roƙe shi ya sake yi a hankali, ya sake. Ni da nake dafa buhun shinkafa a rana ɗaya na san abinda ake nufi da a ce hannu ya san abu, wannan yaron hannunsa ya sani.

Da dafaffun muka fara saboda Gwaggo. Ya shimfiɗa baƙin ganyen tekun nan da suke kira nori a kan ɗan asabarin gora, ya baje shinkafa, ya jera soyayyen jatan lande da fiya da kokwamba, ya naɗe ya matse ya yanka gida takwas, ya barbaɗa soyayyen riɗi. Da naga riɗin nace wannan kam namu ne, don Jafan tana cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, na Jigawa da Nasarawa da Binuwai, ba mamaki wanda suke ci a Tokiyo ma daga Maigatari ya tashi. Ɗaya naɗin kuma shinkafar ce a waje ganyen a ciki, shi ake cewa na Kalifoniya, auta tace a Amurka ya yi suna saboda Turawa a lokacin basa son ganin baƙin ganyen sai aka ɓoye musu shi a ciki. Ƙaguwar da ke cikinsa ma ba ƙaguwa bace, farin kifi ne aka niƙa aka dafa aka yi masa kala, bai ɓoye mana ba.

An ajiye mana tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su, auta ta iya, ni da Gwaggo muka kalli juna. Kafin mu yi magana yace mu sa hannu, a Jafan ɗin ma da hannu da yawa suke cin sushi, tawul ɗin da aka ba mu tun farko amfaninsa kenan. Wallahi wannan kalmar ta sauke min wani nauyi. Gwaggo ta gyara zama ta ɗauka da yatsu uku ta dangwala ta kai baki, ta tauna a hankali muna kallonta, can tace "a ƙaro min mai jatan landen nan." Auta tace Gwaggo santi, tace "santin gidanku", muka yi ta dariya har mai haɗawar.

Sannan aka zo kan ɗanyen. Nigiri suke ce masa, lomar shinkafa da yankan kifi a kai, biyu-biyu yake ajiyewa. Ya koya min in kwantar da shi a gefe in juya, kifin ne zai taɓa baƙin ruwan ba shinkafar ba, don in shinkafar ta sha ruwa wargajewa za ta yi kuma gishiri ya kashe komai, sannan loma ɗaya ake yi ba a gutsura. Kafin in ci sai da na kai hanci, sana'a ta saba min, babu ƙarni ko kaɗan. Salmon ɗin sanyi-sanyi, shinkafar da ɗumi, maiƙonsa ya narke ya haɗu da ɗan tsamin khal ɗin, sai wasabin ya taso daga baya, shi ba a harshe yake tsayawa ba hanci yake hawa, kafin ka ce wash ya wuce. Gaskiya na ji daɗinsa fiye da yadda na zata. Kifin tuna kuma ja ne, bashi da maiƙo sosai, ni salmon ya fi min. Tsakanin wannan da wancan sai ka ɗauki siririn yankan citta da aka jiƙa a khal ka wanke baki.

Wasabin ma bai yi mana ƙarya ba, yace ba na ainihi bane, wani saiwa ne mai yaji da ake haɗawa da mustad da koren kala, kuma mafi yawan wanda ake ci a duniya haka yake. Na ainihin a cikin ruwan ƙorama mai sanyi yake fitowa a wurare irin Shizuwoka da Nagano, ga tsada, kuma in aka goga shi cikin kamar minti 15 ƙarfinsa ya fara tafiya.

Muna ci auta tana zuba mana tarihi, abu biyu ne suka zauna min. Na farko wai wannan nigirin da yanzu ake ganin abincin masu kuɗi ne, a shekarun 1820 a birnin Edo, wato Tokiyo ta yanzu, abincin bakin titi ne, wani mai suna Hanaya Yohei ake danganta shi da shi, ma'aikata su tsaya a rumfa su ci da hannu su wuce, kuma da yake babu firji a lokacin sai a jiƙa kifin a khal ko ruwan waken suya ko a ɗan dafa shi. Na biyu, su kansu mutanen Jafan a da basa cin salmon ɗanye saboda na tekunsu yana da tsutsa, mutanen Norwe ne suka tashi tun tsakiyar shekarun 1980 suka dinga tallata musu nasu na kiwo har ya karɓu a shekarun 1990. Nace ikon Allah, Norwe ɗin nan dai da take aiko mana da busasshen kifin da ake sa wa a miyar agushi. Kenan su ma sai da aka lallashe su kafin su ci, don haka babu wanda zai raina Gwaggo don tace ita dai a'a. Har muka tashi bata taɓa ɗanyen ba, kuma babu wanda ya matsa mata.

Kuɗin kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Abinda muka biya mu uku zai yi min cefanen gida na kwanaki, ga harajin VAT kashi 7.5 a kai ga kuma cajin hidima da basu faɗa ba sai a jikin rasit, wanda ya kamata ace an rubuta tun a jerin abincin. Amma da na zauna na lissafa irin lissafin da nake wa kaina ban ga zalunci a farashin ba. Kifi da shinkafa da ganyen da khal duk da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san inda dala ta kai tun da aka saki naira a 2023, wuta kuma tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 duk yunit a lokacin, masu firiza suke kuka, ga dizal ga kuɗin jirgi daga Legas. Ni sushi mai arha a Abuja ma shi zai fi bani tsoro, don sai na tambayi kaina a ina aka rage. Wani abin kuma, baya cika ciki yadda muka saba, in da yunwa sosai ka je toh ka haɗa da soyayyiyar shinkafarsu ko taliya, in ba haka ba aljihunka zai ji a jikinsa.

Da za mu tafi Gwaggo tace a ƙunsa wa maigidana da yara su ma su ɗanɗana, har da irin wanda na ci. Yaron nan ya ƙi, ga kuɗi a hannu amma yace "Mama ki yi haƙuri, ɗanyen baya fita daga nan, ban san awa nawa zai yi a kan tebur kafin a ci ba." Mai jatan landen kawai ya naɗa mana, yace a cinye a daren kar a kwana da shi kuma kar a sa a firji shinkafar za ta ƙandare. Gwaggo ta sa masa albarka ta ƙara masa da ɗan abinda ke bakin zaninta.

Washegari na sake tura wa manajan saƙo na tuna masa maganar wajen sallah da takardar abinci mai hoto da manyan baƙaƙe, na ƙara da cewa su rubuta a fili wanne ne ɗanye wanne ne dafaffe kuma su rubuta cewa basa sa mirin, don ba kowa ne zai iya tsayawa yayi tambayoyin da na yi ba. Ya amsa cewa takardar tana wajen masu bugawa, wajen sallar kuma sai sun kwashe kayan da ke lungun baya. Na ce masa yaran da suke taya ni aiki su biyu zan kawo ranar da bamu da oda, su zauna a kujerun gaban nan su ga yadda ake goge wuƙa da yadda ake rubuta sanyin firiza, don takardar nan ta jikin ƙofa ni ma na riga na manna irinta a tawa.